Zuwa da Kai Ya Fi Aike

Karatu: 2 Sarakuna 4:18-37, Luka 1:39-56, Yakubu 2:14-17
Ayar haddacewa: 1 Yahaya 3:18

Barkanmu da ganin watan Disamba. Sanyin hunturu ya shigo, an kai amfanin gona rumbu, teloli suna kwana a kan keke, yara kuma sun fara bitar waƙoƙin Kirsimati, wadda wasunmu a nan suke kira Nowel.

A wannan wata ne gaisuwa take yawaita. Na nesa suna buga waya, 'yan cirani suna aiko da saƙo, ana tambaya: ina gida, ina iyali, yaya yara, yaya sanyi? Amsar kuwa kowa ya san ta tun kafin a faɗa: lafiya lau. Yau ina so mu tsaya a kan wannan amsa, mu ga abin da Maganar Allah take koya mana game da ita.

Macen da ta ce lafiya

A garin Shunem akwai wata mace mai arziki wadda ta gina wa annabi Elisha ɗaki a saman gidanta, ta sa masa gado da tebur da kujera da fitila. Ba ta da ɗa, mijinta kuma ya tsufa, amma Allah ya ba ta ɗa bisa ga maganar annabin. Da yaron ya yi wayo, wata rana ya bi mahaifinsa gona wurin masu girbi. Can ciwon kai ya kama shi. Aka kawo shi gida, da rana ta yi tsaka ya cika a kan cinyar uwarsa.

Matar nan ba ta yi kururuwa ba. Ta kwantar da shi a kan gadon annabin, ta ja ƙofa, ta sa aka ɗaura wa jaki shimfiɗa, ta nufi Dutsen Karmel. Elisha ya hango ta tun daga nesa, ya aiki baransa Gehazi ya tarye ta, ya tambayi lafiyarta da ta mijinta da ta yaron. Me ta amsa? Ta ce lafiya. Ga gawar ɗanta a ɗaki, ga ta tana cewa lafiya.

Wasu masu wa'azi suna cewa bangaskiya ce ta sa ta faɗi haka, kuma lalle mace ce mai bangaskiya. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Da ta iso wurin Elisha sai ta faɗi ta kama ƙafafunsa. Gehazi ya matso zai ture ta, domin shi a wurinsa an riga an gama magana: ya yi tambaya, an ba shi amsa. Elisha ne ya hana shi, don ya ga ɓacin ran da ke cikinta. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gehazi ya ji bakinta, Elisha ya dubi fuskarta.

Daga nan Elisha ya ba Gehazi sandarsa, ya ce ya yi sauri ya ɗora ta a fuskar yaron. Matar ta rantse ba za ta tafi ba sai da shi kansa. Gehazi ya je ya ɗora sandar, yaro bai motsa ba. Sai da Elisha ya iso, ya shiga ɗakin, ya rufe ƙofa, ya yi addu'a, ya miƙe a kan yaron har jikin ya yi ɗumi. Daga baya yaron ya yi atishawa sau bakwai, ya buɗe ido.

Abin da Allah ya yi a Baitalami

'Yan'uwa, wannan labari yana taimakonmu mu gane Kirsimati. Farkon wasiƙar Ibraniyawa yana tuna mana cewa a zamanin dā Allah ya yi ta magana ta bakin annabawa, amma a ƙarshe ta wurin Ɗansa ya yi mana magana. Ya aiko da Musa da Shari'a, ya aiko da Ishaya da Irmiya da sauransu. Saƙonsu gaskiya ne, amma duniya tana kwance cikin zunubi kamar yaron nan a ɗakin Shunem. Sai Allah ya zo da kansa. Ma'anar sunan nan Immanuwel ke nan, wato Allah yana tare da mu.

Ku dubi kuma gidan da ya shiga. An kwantar da shi a komin dabbobi don ba a sami wuri a masauki ba. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci sura 12 ta yardar wa wanda bai iya sayen ɗan rago ba. Mai Cetonmu ya san gidan da ake lissafin kowane mudu kafin a auna.

Maryamu ma, da mala'ika ya gaya mata cewa 'yar'uwarta Alisabatu tana da ciki wata shida a cikin tsufanta, ba ta tsaya neman mai tafiya ta ba shi gaisuwa ba. Ta tashi da hanzari zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya, ta zauna da ita wajen wata uku. Makiyaya kuma, da suka ji albishir da dare, suka bar inda suke suka je suka gani da idonsu. Labarin Kirsimati cike yake da mutanen da suka ji, suka tashi, suka tafi. Zumunta a ƙafa take.

Kunyar da na ji a 2023

Bari in faɗa muku laifina, don kada a ce mai wa'azi yana nuna wasu da yatsa.

Kun tuna Kirsimatin shekarar 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga can. Ba a ɗage takunkumin ba sai a watan Fabrairu na 2024, iyakar kuma sai a watan Maris aka buɗe ta. Mu mutanen Maraɗi da muka saba da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina mun ji a jikinmu. Kaya sun yi tsada, masu cin abinci a bakin tasha aikinsu ya tsaya.

Akwai maƙwabcinmu, Musulmi, ɗan dako ne a tasha. Da aiki ya mutu sai ya tafi biɗa can arewa wajen masu haƙar zinariya, ya bar matarsa da yara huɗu da tsohuwar uwarsa. Kullum da safe in na fito nakan tarar da tsohuwar a bakin ƙofa tana shan hantsi. In durƙusa in ce, "Ina kwana, Inna? Ina gajiya? An ji labarin mai gidan?" Ita kuma ta ce, "Lafiya lau, ɗana, sai godiya." Sai in hau babur in tafi ofishin ikkilisiya, zuciyata a wanke, na gai da maƙwabta.

Ranar Kirsimati uwargidana ta zuba shinkafa da miya a kwanuka, kamar yadda muka saba kowace shekara. Yara ne suke kai wa gida gida. Ranar nan yaran duk sun tafi wasan kwaikwayo a majami'a, dole ta sa ta ɗauki kwanon gidan nan da kanta. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta shigo sai ta kira ni ɗaki, ta ce, "Malam, ka san murhun gidan nan tokarsa ta yi sanyi? Na taɓa da hannuna. Kwana biyu ke nan ba su ɗora tukunya ba. Ƙaramin yaron yana kwance da tari, buhu aka lulluɓa masa." Wata uku mai gidan bai aiko da ko dala ba, matar ta sayar da akuyarta da kwanukan jerenta, ba wanda ta gaya wa.

Katanga ɗaya ce ta raba mu. A wannan safiyar na yi wa'azi a kan ƙaunar Allah, jama'a suka ce amin. Na zauna a bakin gado na gane cewa ni ne Gehazi. Na yi tambaya, an ba ni amsa, na kama hanyata. Da yara ne suka kai kwanon nan, da an karɓa a zaure an ce a gai da Mama, da mun ci gaba da bikinmu ba mu san kome ba.

Manzo Yakubu ya yi magana a kan irin wannan. Ya kawo misalin ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ba su da sutura ba su da abincin yini, wani ya sallame su da fatan alheri, ya yi musu fatan jin ɗumi da ƙoshi, bai ba su kome ba. Ya ce irin wannan bangaskiya matacciya ce. Na sha karanta wurin nan, amma ranar ce na ji shi yana kiran sunana.

Yadda za mu tambayi labarin iyali

Ba laifi ba ne mutum ya ce lafiya lau. Tarbiyya ce, kuma akwai godiya ga Allah a cikinta. Mutumin kirki ba ya shanya damuwarsa a kasuwa. Nauyin yana kan mai tambaya. In ka gama gaisuwar al'ada, ka zauna, ka bari a kawo maka ruwa, sa'an nan ka sake tambaya a hankali. Ka dubi rumbu, ka dubi murhu, ka dubi jikin yara.

Ku iyaye da 'ya'yanku suke cirani a Libiya ko Aljeriya, Abijan ko Ikko: in yaro ya bugo waya a wannan wata, kada maganar farko ta zama yaushe zai aiko da kuɗin biki. Ku tambaye shi inda yake kwana, abin da yake ci, ko an biya shi haƙƙinsa, ko yana samun masu bi da yake sujada tare da su. Da yawa suna cin bashi su aiko gida don kada a ce sun gaza, su kuma su kwana da yunwa.

Ku kuma da kuke birni, saƙon murya a WhatsApp abu ne mai kyau, kuɗin da ake turawa ma suna da amfani. Amma tsohuwar da ta haife ka ba za ta gaya maka a waya cewa idonta ya fara dushewa ba. In hanya tana da lafiya kuma kana da kuɗin mota, ka je. In ba hali, ka roƙi fasto ko wani dattijon garin ya shiga gidan ya dubo maka da idonsa.

Kai kuma da kake cikin matsi, ka koyi abu ɗaya daga matar Shunem. Ba ta buɗe wa kowa cikinta ba, amma da ta isa wurin da ya dace ta faɗi gaskiya. Ka nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah a cikin ikkilisiya ka gaya masa. An umarce mu a Galatiyawa sura 6 mu ɗauki nauyin juna, to, yaya za a ɗauki kayan da aka ɓoye?

Tun da na ce a faɗi gaskiya, ga labarin gidanmu, domin da yawa kun rubuto kuna tambaya. Babbar 'yarmu ta sauka lafiya, an sami ɗa namiji. Geron bana ya yi dama-dama, waken ne tsutsa ta ɓata. Surukata ta tafi gida wurin Ubangiji a cikin damina, wannan ce Kirsimati ta farko da za mu yi ba ita, uwargida kuwa har yanzu takan yi kuka in ta ga tabarmarta. Ɗanmu na biyu ya daina zuwa sujada, mun yi magana har mun gaji, yanzu sai addu'a. Ku tuna da mu.

Biki da tukunya

Kada wani ya ce ina hana murna. A zamanin Nehemiya, ranar da aka karanta wa jama'a Shari'a suka fashe da kuka, shugabanni suka hana su, suka ce su je su ci mai daɗi su sha mai zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su shirya kome ba. Ku yanka kazarku, ku sa sabon ɗinki, a buga ganga a yi waƙa. Amma rabon wanda ba shi da shi yana cikin umarnin, ba ƙari ba ne.

Ga abin da nake roƙo mu duba. Yawancin kwanukanmu na Kirsimati suna zuwa gidajen da su ma za su aiko mana. Na fasto ya je gidan dattijo, na dattijo ya je gidan ma'aji, kowa ya kwana da shinkafa kala biyar har ta lalace. A Luka sura 14 Yesu ya koya mana mu kira waɗanda ba za su iya rama mana ba: matalauta, guragu, makafi. Kafin a sauke tukunya, mai gida da uwargida su zauna su lissafa gidajen unguwa: gwauruwa, almajirin da ke kwana a zaure cikin wannan sanyi, baƙon da rikici ya koro daga garinsu, mai gadin da zai kwana a bakin aiki, ɗalibin da bai sami kuɗin motar zuwa gida ba. A fara da nasu kwanon, babba kuma ya kai da kansa.

Ga gargaɗi na biyu. Kirsimati tana zuwa ne bayan kaka, lokacin da hatsi yake da araha. Mutum ya buɗe rumbu ya sayar da gero don anko da takalma, in watan Yuli da Agusta suka zo ya koma sayen geron nan da tsada, ko ya ci bashi da ruwa. Zumuntar mata, ku yi tunani a kan ankon bana: in akwai mace ɗaya da za ta ƙi zuwa sujada don ba ta iya saya ba, ankon nan ya raba abin da Almasihu ya haɗa. Ko ku sauko da kuɗinsa, ko ku haɗa hannu ku saya mata a ɓoye.

Taimako da rufin asiri

Yusufu mijin Maryamu, tun kafin mala'ika ya bayyana masa gaskiyar cikin, bai so ya tona mata asiri ba. Mu ma mu taimaka ba tare da mun zubar wa mutum mutunci ba. Kada a kira sunan mabukaci a gaban jama'a, kada a ɗauki hotonsa da buhu a ka. Yesu ya ce a yi sadaka a ɓoye, Uba da yake gani a ɓoye shi ne mai sakamako.

A gidan maƙwabtan nan namu, uwargida ce ta riƙa shiga bayan magariba, mace da mace, da tiya biyu ta gero a ƙarƙashin mayafi. Muka kai yaron asibiti, muka ba shi bargon ɗanmu. Daga baya ta haɗa matar da masu tuyar ƙosai, muka ba ta ɗan jari. Ba mu ce sai sun zo majami'a ba, har yau kuma a addininsu suke. Abinci ba ƙugiya ba ne. In sun tambaye mu dalili mukan gaya musu wanda ya fara ƙaunarmu, sauran aikin na Ruhu Mai Tsarki ne. Da babbar salla ta zo, bayan mai gidan ya dawo, tsohuwar ta dogara sanda ta kawo mana 'yar tsokar layya da hannunta. Ban taɓa cin naman da ya kai shi daɗi ba.

Na san akwai masu ciwo a zuciya. Ba mu manta da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, da aka ƙone majami'u da gidajen masu bi a Damagaram da Yamai. Amma waɗanda suka ga abin za su shaida cewa a cikin ranakun nan akwai Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kirista. Ko da ma ba a sami ko ɗaya ba, Ubangijinmu ya zo wurinmu tun muna maƙiyansa. Ba mu da hujjar tsallake wata ƙofa.

Abu na ƙarshe: yunwa ba ta san 25 ga Disamba ba. Kwano ɗaya na rana ɗaya ne. Maryamu wata uku ta yi a gidan Alisabatu. Ka zaɓi gida ɗaya, ka riƙe shi har sabon gero ya nuna. In ƙarfinka mudu ɗaya ne a mako, Allah ya san abin da ke hannunka. In ba ka da kome, kana da ƙafa: ka ɗebo wa tsoho ruwa, ka gyara wa gwauruwa danga, ka zauna da mai makoki.

Ya kai mai karatu, watakila kai ne kake ta ce wa Allah lafiya lau alhali akwai mutuwa a cikin ɗakin zuciyarka. Ya riga ya sani, shi ya sa ya zo da kansa, ya mutu a kan gicciye, ya tashi. Ka buɗe masa ƙofar yau, ka faɗa masa gaskiya.

Tambayoyi don tunani

1. Wa ya ce maka lafiya lau a makon nan, kai kuwa ka ga alamar ba haka ba ne?
2. A cikin gidajen da za ku aika wa abinci bana, nawa ne ba za su iya rama muku ba?
3. Wane gida ɗaya za ku riƙe daga yanzu har kaka mai zuwa?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka da ba ka bar mu a nesa ba, ka aiko da Ɗanka ya zauna a cikinmu. Ka gafarta mana gaisuwar da muka yi da baki kawai. Ka ba mu idon da zai ga bukatar maƙwabcinmu, da ƙafar da za ta je, da hannun da zai bayar a ɓoye. Ka kiyaye 'ya'yanmu da ke cirani, ka ta'azantar da gidajen da aka yi rashi a bana, ka komo da waɗanda suka bauɗe. Ka ba ƙasashenmu zaman lafiya. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Barka da Kirsimati. Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya.